Jajayen Awakin Siddiƙu

"Kawo akuyar tukuna, wawa!" Ladan ya daka wa ƙanensa Siddiƙu tsawa, ya fizge igiyar.

'Yan uba ne, tun rabon gado ba sa ga maciji da juna. A shekarar da Nasara suka kafa bariki a Sakkwato, Ladan ya ga kamar ya gano lagon ƙanen: duk dabbar da ya gani a hannun wansa, ita yake so. Da safe Siddiƙu ya ba Ladan jakinsa ya karɓi bijimi, ya yi masa cikon jar akuya. Da rana ya ce doki ya fi bijimi, ya musanya, ya ƙara wata jar akuyar. Ga shi kafin la'asar ya dawo da dokin yana roƙon jakinsa, da akuyarsa ta ƙarshe.

Ladan ya kora awakin cikin garkensa yana ƙyaƙyata dariya. "Jama'a ku shaida, awakin ga sun zama nawa! Ya zagaya ya koma ga jakinshi hannu wofi."

Bai rufe baki ba, sojojin Bature suka tsaya a ƙofar gidan. Jiya jajayen awaki sun cinye lambun bariki tas, an biyo sawunsu har unguwar. Wa ke da su?

Kowa ya nuna Ladan.

Ana ɗaure masa hannu da igiyar akuyar, Siddiƙu ya matso bisa jakinsa.

"Da kyauta na ba ka, Yaya, da ka yi zargi. Na san ba ka karɓar abu sai ka tabbata cutata ka yi."