Hannun da Ya Riƙe Igiya

"Matar yaya, ɗan riƙe wa magina igiyar awon nan, hannunki akwai albarka," in ji maƙwabcinta yana murmushi.

Ta riƙe a inda ya nuna. Wata biyar da rasuwar mijinta, hawaye bai bar ta ta duba ƙasa ba.

Da katanga ta tashi, bishiyar lemon da marigayin ya dasa mata ranar aurensu ta koma gidan maƙwabci.

Gaban alƙali ya dafa ƙirji. "Ni na ci iyaka? A tambayi magina wa ya riƙe igiya."

Su uku suka rantse, kuma ba su yi ƙarya ba.

Yanzu matarsa ke tsinkar lemon. Ita kuwa, busassun ganyen da ke tsallako katanga take sharewa kowace safiya.