Ciwon Gado

Kaka ce ta matsa a yi wa jikanta gwajin jini. 'Yarta, uwar yaron, ta ce tari ne kawai, amma tsohuwar ta kafe har suka zo ofishin likita.

Yaron na kwance a cinyar Kaka, ƙirjinsa na kuka. "Angona, ka warke mana, wa zai yi min cefane?" Ta yi masa wasan, idonta na kan tayil ɗin ƙasa.

Likita ta juyo da kujerarta. Ta ce a cikin ɓargo ake rainon ƙwayoyin da ke ƙera garkuwar jiki. Mataki-mataki suke girma, kuma ƙwayoyin gado ne ke ba da umarni: a kunna wannan, a kashe wancan. A jikin yaron, ɗaya ba ta ba da nata umarnin, sai rainon ya tsaya a rabin hanya.

"Shi ya sa kowace cuta take kayar da shi," in ji Kaka a hankali.

"Haka ne, Mama. Mata ke ɗauke da abin ba su sani ba, maza yake kamawa. Za mu riƙa ƙara masa garkuwar ta jijiya, zai rayu. A danginku akwai namijin da ya rasu yana ƙarami da ciwon ƙirji?"

Kaka ta gyara wa yaron hula, ta sake gyarawa.

"Akwai ƙanena," in ji 'yar. "Amma shi daban ne. Ni na fita da shi wasa cikin ruwan sama, sanyi ya kama shi. Kowa a gidanmu ya san ni ce sila."

"Wa ya faɗa miki haka?"

'Yar ta dubi taga. Tun tana ƙarama take ɗauke da maganar, har yau ko yayyafi aka fara sai ta rufe tagogi.

"Ba ruwan sama ba ne," in ji likita. "Ba laifin kowa ba ne."

'Yar ta fashe da kuka, ta kama hannun uwarta. "Mama, kin ji? Da ma mun sani tun lokacin!"

Kaka ta bar mata hannun. Ta san bayanin nan kalma-kalma: wani likita ya yi mata shi ita kaɗai, tun kafin a yi ruwan, ta ji tsoron kada mijinta ya san daga jininta ne, sai ta ɓoye, ta bar laifin a kan 'yarta.