Ranar da Kyamarorin Layinsu Suka Makance

Umara mai sayar da ƙanƙara ne a Jiddari Polo, kuma shi ke riƙe da mahaifinsa, Baba Mikail, wanda tsufa ya fara taɓa wa tunani. Wani lokaci tsohon ya wuni lafiya lau yana jan carbi, wani lokaci kuma ya miƙe ya ce zai tafi gona, gonar da suka baro a ƙauye tun zamanin gudun hijira.

Bara mutanen unguwar suka haɗa hannu aka kafa kyamarori a bakin layuka. Ba a ja waya ko ɗaya ba. Wasu 'yan akwatuna aka ɗora a rufin gidaje, kowanne da farantin sola da batirinsa, wannan ya miƙa hoto ga wancan ta iska har ya isa allon da ke zauren Bulama, mai unguwa. Othniel, maƙwabcin da ya yi aikin, ya ce musu a taro: "Idan akwati ɗaya ya mutu, hoton zai kewaya ta na kusa da shi. Amma don Allah kada wanda ya taɓa batirin nan."

Rabin farko na maganar kawai Umara ya riƙe.

Da zafi ya kankama, wuta ta yi wuya, ƙanƙara na narkewa a firiza, sai ya hau rufin gidansa ya sauko da batirin akwatin da ke can ya ƙara a kan nasa.

Matarsa Zainaba ta ce, "Maigida, wannan fa na unguwa ne."

"Ke ba ki ji Othniel ba? Abin yana kewayawa. Zafi na wucewa zan mayar."

Wata Talata bayan azahar, Umara ya tafi kai kaya, Zainaba na madafa, Baba Mikail ya buɗe ƙofa ya fita. Kafin a ankara babu shi babu alamarsa.

Da gudu Umara ya isa zauren Bulama. "A duba min allo, Baba ya fita! Wace hanya ya bi?"

Aka duba. Kowane layi na nan tarwai, har ana ganin awaki na wucewa, amma gurbin layinsu baƙi ƙirin. Aka kira Othniel, ya zo ya danna nan ya danna can, sannan ya ɗago kai a sanyaye.

"Ya Umara, naka a kashe yake. Na Bala tela ma a kashe. Na gidan Hassana iska ta karkatar da farantin, ba wanda ya gyara. Kyamarar bakin layi na da rai, amma ba ta da ta inda za ta aiko hoto, ita kuma ba ta ajiyewa."

Umara bai zauna ba. Ya tara matasa, aka yi shawara, aka ce tunda tsohon ƙauye yake ambata, tasha ya nufa. Nan aka karkata. Suka bi masu keke ɗaya bayan ɗaya da hoton Baba a waya, suka leƙa masallatai, suka yi cigiya a coci da kasuwa. Ƙafar Umara ta kumbura, muryarsa ta dishe, ya ce shi dai ba zai koma gida ba sai da mahaifinsa.

Ashe tsohon ba tasha ya bi ba. Washegari masu lambu suka tsince shi kwance a bakin kogi, leɓensa ya tsage don ƙishi. An garzaya da shi asibiti, amma kafin magariba rai ya yi halinsa.

Wajen zaman makoki wata mai ƙosai ta ce ta ga wucewarsa, ba ta san ɓata ya yi ba. Ta ƙarƙashin kyamarar bakin layi ya bi, ya yi hagu. Su kuwa dama suka yi.

Ana gama sadakar uku Umara ya ɗauki tsani. Ya mayar da batirinsa, ya gyara farantin gidan Hassana, sannan ya tsaya a ƙofar shagon Bala.

"Bari zafin nan ya ɗan lafa," in ji Bala. "Fanka na haɗa da shi."

"Bala, 'ya'yanka a layin nan suke wasa. Wallahi ba zan bar ƙofar nan ba sai na ga ka hau."

Bala ya dubi idanunsa da suka yi jawur, ya ajiye almakashi, ya karɓi tsanin.

Tun daga nan, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Umara na zauren Bulama yana duba allo. Gurbin da ya gani baƙi, ba ya aike, da ƙafarsa yake zuwa gidan.

Jama'a, kayan tsaron unguwa amana ne a hannun kowane gida. Idan kowa ya saki nasa yana dogaro da na maƙwabci, ranar da buƙata ta zo za a tarar babu mai riƙe da komai.