Ruku'u Ba Na Buhu Ba Ne

Babana ɗan dako ne a kasuwar Rano. A makaranta kuwa cewa nake ɗan kasuwa ne, Allah ya yafe mini.

Shekarar da Shari'a ta zo Kano, wata ranar kasuwa na kai masa fura bayan la'asar. Na tarar ana lodin masara, direba sai danna hon yake. Wani sabon ɗan dako daga Fassi ya sunkuya zai ɗaga buhu, ƙafafunsa a miƙe. Baba ya dafe buhun.

"Kai samari, ruku'u kake wa masara?"

Aka kwashe da dariya.

"Ruku'u na Allah ne. Buhu tsugunna masa ake yi. Ka rungume shi, ɗan'uwanka ya kama maka, ka miƙe da ƙarfin cinya."

Direban ya leƙo ya dubi Baba. "Malam Sale, Shari'ar har kan buhu ta zo? Rana fa tana faɗuwa!"

"Alhaji, motarka in ta karye akwai bakanike. Bayan yaron nan fa, a wane gareji ake gyara shi?"

Direban ya kashe mota. Saurayin ya tsugunna, buhu ya hau lafiya.

Yau ni nake koya wa sabbin masu lodi a wani sito. Da maganar nan nake farawa, kuma ina gaya musu ta ubana ce, ɗan dako. A ƙarƙashin buhu ya tsufa, amma har ya koma ga Allah a tsaye yake sallarsa.