Magudanar da Mai Tsamiya Ya Ɓoye

Mai Tsamiya shi kaɗai ya rage a cikin tsofaffin manoman gefen gari. Tun da hukuma ta ce za a mayar da gonakinsu unguwa, abokansa suka sayar suka watse. 'Ya'yansa suna cikin gari. Abin da ya hana shi tafiya ɗaya ne: kabarin matarsa, a gindin tsamiyar da ke ƙarshen gonarsa. Kullum da hantsi yakan je ya share wurin, ya yi mata addu'a, ya zauna yana ba ta labarin jikoki.

Kafin a yanka fegi, an turo wata ma'aikaciya ta duba abin da sauyin zai taɓa. Da rani ta zo, ƙasa ta bushe ƙayau. Babban ɗansa ma ya zo, ya ja shi gefe.

"Baba, don Allah kada ka tsawaita bayani. Duk abin da ka nuna mata cire shi za ta yi daga fili, mu ne da asara."

Ma'aikaciyar ta gai da tsohon da ladabi. Ya nuna mata kabarin, ta ce ba wanda zai taɓa shi. Sai ta tsaya a bakin wani dogon kwari da ya ratsa gonakin.

"Baba, wannan fa? Ruwa na bi ta nan?"

Ai kuwa yana bi! Magudana ce da iyayensu suka haƙa. Duk shekara kafin damina manoma sukan taru su yashe ta, kowa da fartanyarsa, ana tsokanar wanda ya makara. Matarsa ce ma take kawo musu ruwan sha. Ya buɗe baki, sai ya ga idon ɗansa.

"A'a, 'yata," ya ce. "Turbar awaki ce kawai."

Shi ke nan. Katafila ta zo ta cike kwarin, gidaje suka tashi a kansa, aka malale ko'ina da siminti. Sababbin maƙwabta suka tare, kowa da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. In ya yi musu sannu, sai dai su ɗaga hannu daga cikin mota. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, amma yakan ce, "Ba komai, ai uwar yara tana nan."

Da damina ta kankama, wata rana da la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya nemi tsohuwar hanyarsa ya tarar da katanga, ya nemi ƙasar da zai nutse ya tarar da siminti. Sai ya kwararo gaba ɗaya zuwa wuri guda da aka bari ba gini, wato gindin tsamiya.

Da aka ɗauke ruwan, tsoho ya fito da sandarsa. Tsamiyar ta faɗi, ruwa ya ja ta can nesa. Inda yake sharewa kullum ya zama fili guda na laka da yashi da ledoji. Babu tudun kabari, babu duwatsun da ya jera.

Washegari ɗan ya iso da shebur, ko takalmi bai tsaya cirewa ba.

"Baba, nuna mini daidai inda Inna take, in gyara."

Tsoho ya nuna nan. Ya matsa, ya nuna can. Sai hannunsa ya sauka.

"Wallahi ban sani ba," ya ce.

Har yau yana fita da hantsi, ya tsaya a tsakiyar filin, ya yi addu'a yana waige-waige.

Jama'a, in za a mayar da gona unguwa aka zo tambayarmu, mu faɗi duk abin da muka sani game da ƙasar, ko da zai rage mana fili. Abin da muka ɓoye da rani, damina za ta tono shi, kuma ba kowace asara ce ake gyarawa ba.