Angon Kaka Bai Zo Ba

Kwana tara ke nan Kaka tana shimfiɗa 'yar katifar a falo da safe, ta naɗe ta da yamma ba wanda ya kwanta a kai.

Tun jikanta yana wata biyu ake kawo mata shi kullum, uwarsa ta wuce ofis. A bayanta ya yi haƙori, a tsakar ɗakinta ya fara rarrafe. Angona take ce masa, shi kuma ya fizge mata ɗankwali yana ƙyalƙyala dariya. Ba ta da wani aiki a duniya sai shi, kuma ba ta neman wani.

Kwatsam ɗanta ya kira, wai yaro zai ɗan zauna wajen ɗaya kakar. Ɗaya kakar! Tsohuwar malamar makarantar nan mai tabarau, wadda ko goyo ba ta iya ɗaurawa sai an kama mata zani. Kishi ya hana Kaka cin abinci. In ta kira surukarta, waya a kashe. In ta kira ɗanta, sai ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, zan zo." Haƙurin me? Ita da ta yi ruwa ta yi tsaki don kada wani abu ya raba ta da yaron nan.

Rana ta goma ta yafa mayafi ta hau mota. Tun a hanya take jera maganganun da za ta yaɓa wa Malama.

Malamar ce ta buɗe ƙofa, yaron a kafaɗarta ya ƙanƙame mata wuya. Ko miƙo hannu bai yi ba, ja'iri! Kaka ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Na zo ɗaukar jikana," in ji ta, ba ko gaisuwa.

Malama ta ja ta zuwa ɗaki. Ga surukar kwance ta rame, ƙafarta ta hagu a kumbure bisa matashi.

"Gudan jini ne ya toshe mata jijiya, jiya aka sallamo ta daga asibiti," in ji Malama. "An ce da ya haura huhu, da yanzu ta'aziyya kika zo yi. Ƙwayoyin tazarar haihuwa ne suka jawo. A danginmu jini na daskarewa, ni ma na taɓa kwanciya. Da wajen likita ta je, abin da zai fara tambaya ke nan, ya zaɓa mata wata hanyar. Amma wata 'yar bani-na-iya ce ta damƙa mata su, kuma yarinyar nan ta ƙi faɗa mini ko wace ce. Wallahi ranar da na sani, ba ta ƙara taka inda 'yata take, balle ta ga yaron nan."

"Umma, na ce miki ni na saya da kaina," surukar ta faɗa a hankali. Ta ɗago ido ta dubi Kaka. "Mama, ki koma gida ki huta. In na warke zan kawo miki shi."

Kaka ta dafa bango. Wata huɗu da suka wuce, ranar da surukar ta ce in ta samu ciki na biyu za ta ajiye aiki ta riƙe 'ya'yanta a gida, Kaka ce ta taka zuwa kemis da ƙafarta, ta sayo ƙwayoyin ta damƙa mata, ta ce sirri ne tsakaninsu.