Nonon Sulhu

A bakin gadar igiyar da ta haɗa masarautun biyu, Behram, ɗan sarkin ƙetare, ya tare Gulnar.

"Gobe zan turo manya gidanku."

Ta kawar da kai, ta ƙura wa kogin ido.

"Kada ka wahalar da su. Me ya mai da ƙasashenmu ɗaya bayan yaƙin makiyaya?"

"Musayar jariran sarakuna, kowanne ya sha nonon abokan gaba. Ni aka kawo muku. Sai me?"

"Mai shayar da kai ta kwanta ciwo wata guda, Innata ta karɓe ka, nono ɗaya muka sha. Jiya ta faɗa mini, tana kuka."

Hannunsa ya saki igiyar.

"Gulnar..."

Ta share hawaye da bakin mayafi.

"Sauka lafiya, Yaya."